Tsibirin da Muke Kira Can

Ƙarar sarƙar awo ce na fara ji da muka sauko bakin gulbi a safiyar nan. Mutum biyu ke janta bisa lakar da ta fara tsagewa, kacau, kacau, ga ƙamshin ruwan da ke ja da baya, irin ƙamshin sabuwar randa. Shekarata goma sha tara, ina rungume da littafin rubutu a ƙirji, ina tsaye kamar ni za a auna.

Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ƙishin-ƙishin cewa ni ce na ba Nasara tsibiran arewa. Ba wanda ya taɓa faɗa muku ido da ido, amma kun ga yadda hira take mutuwa in na shiga gidan dangin Inna a wajen Tsibiri. Ban taɓa ba ku amsa ba. Yanzu da idanuna suka fara gajiya, bari in rubuta yadda abin ya faru, da laifin da yake nawa da wanda ba nawa ba.

A lokacin ba a daɗe da hawa da mu tudu ba, bayan ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi. Baba malamin asibiti ne, mutumin Jiratawa, shi ya kai ni lakkwal, makarantar Nasara, duk da surutun mutane. Da na gama aka ɗauke ni a biron kumandan, wato ofishin Nasaran da ke mulkin gari, ina kwafe takardu, saboda hannuna yana da kyau. Ni kuwa ba takardun ne a raina ba. Yarinya ce ni mai yawan zama shiru tana kallon gajimare. Ina da wani ƙaramin littafi da nake tara sunayen tabkuna da itatuwa da burtalai a ciki, don daɗinsu a baki kawai, ina jera su kamar baitocin waƙa. Ana nan sai wani Nasara ya zo daga Yamai zai zana taswirar fadama, tun daga Jiratawa har bayan Tsibiri, wai don a san inda ruwa ke bi. Dogo ne, marar yawan magana, yana da madubin awo da ake kafawa bisa sanduna uku, don haka kafin kwana biyu duk gari Ƙafa-Uku ake ce masa. Tafintan kumandan yana kwance da kurkunu. Ƙafa-Uku ya leƙo inda muke aiki, ya ga rubutuna, ya ce ni yake so in riƙa yi masa tafinta, ina kuma rubuta masa sunayen wurare.

Da na kawo maganar gida, Inna ta ajiye muciya ta dubi Baba.

"Malam, duk mazan da ke biro, sai ɗiya mace? Mi yake nema?"

"Sunaye yake nema, in ji shi."

"To in ya gama tara sunayen, ina zai kai su?"

Baba dai ya yarda in je, da sharaɗin motar aiki ta dawo da ni gida kullum kafin la'asar ta yi sanyi.

Ba zan ɓoye muku ba, makonnin farko na ji daɗinsu ƙwarai. A Jiratawa muka fara. Ƙafa-Uku ya kafa madubinsa, ma'aikatansa su ja sarƙa, ni kuma in zauna da tsofaffi suna zuba mini sunaye ina rubutawa. Ba duka ne suka yarda da mu ba. Wani dattijo da aka tambaye shi sunan wani tabki ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Ina Ruwanka." Na cije leɓe don kada in yi dariya, na rubuta, kuma da wannan sunan tabkin ya shiga taswira. Ran nan na ga a takardar Ƙafa-Uku an rubuta Tibiri, sai na ce masa, "Mushe, Tsibiri ake cewa, wato ƙasar da ruwa ya kewaye." Ya ce ya sani an ɓata sunan, amma an riga an buga shi haka, abin da ya shiga takarda kuwa ba ya fita. Ya faɗe ta ne a sake, yana feƙe fensir, amma ni maganar ta zauna mini a ciki.

Daga nan na fara sa masa ido. Duk inda muka tsaya tambaya uku yake yi: mene ne sunan wurin, wa ke zaune a ciki, wa ke da shi. In aka ce babu kowa, sai ya ɗauki jan fensir ya ja layuka a karkace bisa wurin. Ban san ma'anarsu ba sai ranar da aka ba ni wata takarda in kwafe a biro. A ciki aka ce duk filin da ke da jan layi fili ne wanda babu mai shi, kuma filin da babu mai shi na gwamnati ne. Na karanta sau uku. Sannan na tuna da inda sarƙar ta nufa, na tsayar da alƙalami har tawada ta ɗiga mini a takarda.

Arewa da Maraɗi, kafin a kai Tsibiri, akwai inda gulbi yake buɗewa ya rabu, ya bar tudu uku a tsakiya. Da damina tsibirai ne, ba a kai musu sai an rungumi gora an yi iyo. Da rani ruwa ya janye, dangin Inna su shuka dankali da taba a gefen biyu daga ciki, su saki dabbobi a kai. Ba wanda ya taɓa kafa ɗaki a can. Na farko Tudun Gawo, na biyu Tudun Kuka. Na ukun, mafi nisa, yana da wata tsamiya ƙwaya ɗaya, kuma ba shi da sunan da ake faɗa. Dangin Inna Azna ne, ba su bar al'adar iyayensu ba, kuma a gindin tsamiyar nan tukwanen gidansu suke, inda ake kai farar fura da jan zakara kafin a taɓa sabon gero. In za a ambaci wurin sai a ce Can. An tafi Can, an dawo daga Can. Masu wurin kuwa, wato iskokin gidan, ba a kiran sunansu gaban baƙo, ko da wuƙa a wuya. Ina ƙarama nakan tsaya a gaɓa ina kallon tsamiyar tana lilo cikin hasken ruwa, in riƙa ganin kamar a can ne duniya ta ƙare.

Mai kula da Can shi ne Kaka Jatau, mahaifin Inna. A duk jikokinsa ni ce amaryarsa ta wasa. Ran Lahadi, saura kwana biyu sarƙar ta iso wajensu, na taka da ƙafa na je. Na same shi a inuwar rumbu yana tufkar igiya.

"A'a! Yau amarya ta tuna da mijinta? Ko Nasaran ya sake ki?"

"Wa zai bar mai mota ya dawo wa tsoho mai haƙori uku?"

"Huɗu ne, maƙaryaciya, zo ki ƙirga. Mi kika kawo mini?"

Na ba shi goro, na zauna a gefen tabarma. Na bari ya ɓare ya ci, sannan na faɗa masa komai, tambayoyin uku da jan fensir da takardar da na kwafe. Ina magana ina ganin hannunsa yana rage sauri bisa igiyar, har ya tsaya.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni, Kaka."

"Takardar nan, shi ya ba ki ki karanta?"

"Ba shi ba ne, aiki ne aka ba ni in kwafe."

"Aka ba ki. Duk takardun duniya, sai wannan aka ba ki, saura kwana biyu ya zo wajena. Ya san ke jikata ce?"

Ƙafa-Uku kuwa ya sani. Ni da bakina na faɗa masa a mota, ina alfahari.

"Kin gani? So yake ki zo ki tsorata ni in buɗe baki."

"Kaka, ba sai kun ambaci kowa ba. Ku ce naku ne kawai."

"Can nawa ne? Ni mai share ƙofa ne, yarinya. In tsaya a gaban masu wuri in ce nawa ne? Da wane bakin zan koma in roƙe su ruwa?"

"To ku ce biyun naku ne, inda kuke shuka."

"In na ce biyun nawa ne, sai ya ƙetara ya auna su. In ya ƙetara sai ya ga tsamiya, in ya ga tsamiya sai ya taka ta da takalmi ya buɗe tukwane. Na san Nasara tun uwarki ba ta yi haƙori ba. Mutane yake nema, ya ƙirga su ya kai su aikin hanya. Inda babu kowa, wucewa yake yi."

"Wannan ba irin wancan ba ne, Kaka. Wannan inda babu kowan yake nema."

Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Ya ce rana ta yi, in kama hanya kada uwata ta damu. A kan hanyar komawa na yi ta juya maganarsa. Shin da gaske da gangan aka ajiye mini takardar? In haka ne, gargaɗi ake so in kai, ko tarko? Na isa gida ban san wanda zan yarda da shi ba, har ni kaina.

To, ranar da na fara ba ku labarinta ke nan. Mutanen ƙauyen sun fito sun tsaya a gaɓa, maza a gaba, mata a baya da goyo. Ruwa bai gama janyewa ba, tsibiran uku suna kwance can nesa, kore shar, farin balbela na sauka a kansu. Ƙafa-Uku ya kafa madubinsa ya daɗe yana leƙe, ya juya wani abu, ya rubuta, ya sake leƙawa. Sannan ya ce a kira babban wurin. Kaka ya fito da warkinsa da sandarsa, bai ko kalle ni ba.

Tambayar farko ta wuce lafiya. Tudun Gawo, Tudun Kuka. Da aka nuna na ukun Kaka ya ɗaga haɓa ya ce, "Can." Ƙafa-Uku ya miƙo mini takarda, na rubuta masa Can a matsayin suna, da irin baƙaƙensu. Tambaya ta biyu, wa ke zaune a ciki. Kaka ya ce babu kowa, na juya masa. Wannan ba ta dame ni ba, don ba wanda ke kwana a can. Sai ta uku ta zo, kalma huɗu ko biyar a bakinsa. Na juya wajen Kaka, na daidaita muryata kamar tafinta nake yi.

"Ya ce wa ke da su. Kaka, wannan ita ce wadda na faɗa muku. In kuka ce babu kowa, jan fensir ɗin nan da ke bayan kunnensa zai ci su duka ukun. Ku dubi girman iyayenku ku ce naku ne. Ko biyun ma."

Na ji wani daga baya ya ce, "Kai, maganar Nasara gajera, tata doguwa. Mi take ƙarawa?"

Wata mata ta ce, "Ciniki suke."

Kaka ya dube ni, karo na farko a ranar.

"Ke tafinta ce ko uwata? Faɗa masa abin da na ce, ba abin da kike so ba. Babu kowa."

Ku tsaya nan tare da ni kaɗan, don a nan nake tsaye har yau. A tunanina duk gaɓar nan ba mai jin harsunan biyu sai ni. Da na juya na ce wa Ƙafa-Uku, na tsohon nan ne, da shi ke nan, ba za a ja layin ba. Kalmomin suna bakina, na ji nauyinsu bisa harshe. Amma da na faɗa, da zai ƙetara ya auna, ya isa tsamiya, Kaka kuma ya san na sa masa a baki maganar da ya ce ba zai iya faɗa gaban masu wurin ba. Wannan shi ne dalilin da na daɗe ina ba kaina, kuma gaskiya ne. Amma akwai na biyu, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tsoro na ji. Na ji tsoron a gane na karkatar da magana a kore ni, a taɓa aikin Baba a asibiti, Inna ta ce dama ta faɗa. Kuma can ƙasan raina ina fatan Kaka ne mai gaskiya, Nasara zai wuce.

Na ce masa, "Ya ce babu kowa."

Ƙafa-Uku ya dube ni da idanun nan nasa masu kalar ruwa.

"Kin tabbata haka ya ce?"

"Haka ya ce, Mushe."

Ya zaro jan fensir daga bayan kunne. Ina tsaye kusa da shi, na ga layukan suna sauka ɗaya bayan ɗaya, bai ko danna da ƙarfi ba. Sannan ya fito da wata takarda ya ce tsoho ya dangwala yatsa, shaidar cewa an tambaya an ba da amsa. Kaka ya mayar da hannuwansa baya ya ce shi ba ya taɓa baƙin Nasara. Ƙafa-Uku bai matsa ba. Ya ce ba komai, tafinta ma shaida ce. Ya miƙo mini alƙalami. A gaban dangin uwata kaf na sunkuya bisa gwiwata na rubuta sunana, da kyakkyawan hannun nan da ake yabo. Abin da suka gani ke nan da idonsu: tsohonsu ya ƙi, jikarsa ta karɓa.

Rani na farko ba abin da ya faru, har na fara samun barci. Kaka ya aiko wa Inna da dankalin Tudun Gawo, ya ce a faɗa wa 'yar lakkwal Nasaranta ya wuce. A rani na biyu sai ga mota da turakun siminti. Aka kafa su kewaye da tsibiran, aka ce gandun gwamnati ne, za a gwada irin auduga. Aka sa gardi mai tsaron wurin. Wanda ya saki akuya a ciki, a kama ta. Dangin Inna suka je biro ƙara, aka fito musu da takardar, aka karanta musu amsar Kaka, aka nuna musu sunan da ke ƙasa. Tsamiyar ba a sare ta nan da nan ba, sai da aka zo shigar da garma. Ban je na gani ba. An ce Kaka ya ƙetara da rana tsaka, gardi na kallonsa bai hana shi ba, ya kwaso tukwanen a cikin masaki ya kawo gida, ya rasa inda zai ajiye su, suka yi kwana uku a tsakar gida ba wanda ya iya wucewa ta kusa da su.

Na bar aikin biro a shekarar, na koma koyar da yara. Wannan bai wanke ni ba. Wasu suka ce an gama amfani da ni ne aka yar. A gidanmu ma abin ya shiga tsakanin Inna da Baba. Ita tana ganin lakkwal ɗinsa ce ta jawo, shi yana ganin taurin kan mahaifinta ne, kuma ba wanda ya faɗa a fili, sai dai a ajiye kwano da ƙarfi. Sau ɗaya Inna ta tambaye ni, muna tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba.

"Ba su ba ki komai ba?"

"Inna, har ke?"

"Tambaya na yi. Ni ma tambayata ake yi."

Da na yi ƙarfin halin zuwa gaishe da Kaka, na same shi a inuwar rumbun nan. Na durƙusa na ce, "Ina angona?" Ya miƙe tsaye, tsoho da shi, ya kakkaɓe tabarma ya shimfiɗa mini, kamar yadda ake yi wa baƙon hukuma.

"Sannu da zuwa, Madam. A kawo wa Madam ruwa."

Bai zage ni ba, bai taɓa cewa ni na jawo ba. Ya san abin da na faɗa masa, ya san abin da ya ce. Amma bai taɓa gaya wa kowa na je na gargaɗe shi ba, ni kuma ban tona ba, don in na wanke kaina shi zan shafa wa. Har yau ban san ko ya mutu yana zargina da haɗa baki ba, ko kuwa kunyata yake ji. Shekara shida ya ƙara a duniya, kuma Madam nake a bakinsa har ranar ƙarshe.

Na haife ku duka, na aurar da ku, ina ɗauke da abu guda a raina: da na karkatar da kalma ɗaya a gaɓar nan, da an tsira, tunda Nasaran bai san abin da muke faɗa ba. Sai shekarar da na je Damagaram sunan ɗiyar autana. A cikin matan da suka zo barka akwai wata tsohuwa fara, mai yawan raha. Da ta ji daga Maraɗi nake, ta ce ai mai gidanta na farko ya taɓa aiki a can, wani Nasara mai awon ƙasa, dogo, kafin ya koma ƙasarsu ya bar ta. Na tambayi kamanninsa, ta faɗa, shi ne ba shakka. Na ce mata na taɓa yi masa tafinta. Ta kwashe da dariya har tana dafa kafaɗata.

"Tafinta? Shi? Haba baiwar Allah, tafintar mi?"

Na tuna tazarar da ke tsakaninsa da ni lokacin da nake roƙon Kaka. Ba ta kai taku biyu ba.

Ta share hawayen dariya da bakin mayafi ta ce shekara bakwai suka yi tare kafin a tura shi Maraɗi, ba ta taɓa jin Faransanci a bakinsa a cikin gida ba. Da Hausa yake cin abinci, da Hausa yake faɗa, in yana barcin rana ma da Hausa yake sambatu.